Gurbin Baba Barau

Talata, 24 ga Yuni, 2025

An yi sadakar ukkun Baba Barau yau. Allah ya jiƙan shi, bai taɓa ɗaga ma kowa murya ba. Gumba ta yi tsami, amma ba wannan ya hana ni zama ba.

Kulu na gani a bakin murhu tana ta hidima, ido jajir. Ita ce ta ɗauke mashi aikin asibitin garin nan, Unguwar Dada, tun ranar da ƙafa ta hana shi tashi. A takarda shi ne leburan asibiti, mai albashin gwamnati. A ƙasa kuwa Kulu ce: shara, wankin zannuwan masu haihuwa, ɗebo ruwa, ƙona allurai. Wai ita 'yar wucin-gadi ce. Wucin-gadin da ya girmi ɗiyarta ta ƙarshe. Abin da ake ba ta daga kuɗin kati ba ya kai ta mako, wani watan ma sai a ce babu.

Yanzu gurbi ya buɗe. Ma'aikaci in ya rasu ana cire sunan shi a maye da wani, kowa ya san haka. To wa ya cancanta in ba Kulu ba? Na faɗa mata gaban mata, na ce muddin ni Suwaibatu ce shugabar mata ta jam'iyya a mazaɓar nan, gurbin nan nata ne. Ta ce, "Allah ya sa, Hajiya." Haushi ma ta ba ni da wannan sanyin nata.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na raka matar maƙwabci awo. Na tarar da Kulu tana wanke jini daga tabarmar roba, hannu tsirara, safar hannu ta ƙare tun Sallah. Na kasa cin tuwon rana.

Lahadi, 6 ga Yuli

Taron masu ruwa da tsaki a Kankara, mu da mutanen Faskari da na Sabuwa. Mun fita da hantsi don mu dawo kafin la'asar, hanyar nan ba a wasa da ita.

Ruwa da tsaki. Mu ne tsakin, su ne suka shanye ruwan. Manya na sama bisa kujeru masu laushi, fanka na kaɗa masu babbar riga, mu mata an jera mu a benci can baya kusa da ƙofa, inda za a ɗauki hoto a ce mata sun cika wuri. Alhaji Maharazu, shugaban jam'iyyarmu, ya yi jawabi har na ji barci. Wai jam'iyyar talaka. Wai ma'aikaci ya samu ƙarin albashi. Wane ma'aikacin? Wanda ke cikin takarda. Wanda ke riƙe da tsintsiya ba ya cikin takardar kowa.

Da aka ce ko mata na da magana, ana nufin mu yi guɗa, na miƙe. Na ce ranka ya daɗe, zauren nan da kuke zaune wa ya share shi? Na nuna Nasara a bakin taga, wata baiwar Allah daga ƙauyen Kiristocin nan na bayan Kankara, ita ma shara take yi a nasu asibitin ba a ɗauke ta ba. Ranar ibadarta ce, an kira ta ta bar coci ta zo ta share masu wuri. Na ce irin su suna nan a kowace mazaɓa, masu shara, masu gadi, masu dafa abincin 'yan makaranta. Su muke kwasowa ranar zaɓe, su tsaya a rana da goyo. Na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, har yaushe?

Aka yi dariya. Ba dariyar jin kunya ba, dariyar "ku ji Hajiya ta fara". Wani mai jar hula daga Sabuwa ya ce a ba ta ruwa ta sha. Alhaji ya ce, "Uwar jam'iyya, maganarki ta shiga kunne."

Aka raba mamu atamfa mai tambarin jam'iyya da taliya. Na ba Nasara tawa. Ta karɓa tana dubana kamar mai tsoron a ce ta sata.

Litinin, 7 ga Yuli

Har yanzu "a ba ta ruwa ta sha" bai fita daga kunnena ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na kwashe su muka tafi Faskari gidan Alhaji Maharazu. Kulu, Nasara da ta biyo motar kasuwa tun safe, da wasu daga Daudawa da Sheme. Kowa ta saka zanen fita. Kulu har da aron mayafi.

Aka bar mu a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya. Motoci na shiga, motoci na fita. 'Yan kwangila, 'yan neman takara, marowata masu ƙamshin turare, duk ana buɗe masu get. Mu kuwa mai gadi ya ce Alhaji na ganawa. Shi kan shi mai gadin takalmin shi ɗaure yake da waya, amma ya iya harara. Ruwa ya sauko, muka raɓe jikin katanga.

Da ya fito zai shiga mota ne na tare shi. Na ce Alhaji ga su, ba labari ba ne. Ya dube su sama-sama ya ce ana dubawa, ana kan dubawa, a yi haƙuri, gwamnati ba ta barci. Na ce gurbin Baba Barau fa? Ya ce, "Hajiya, wannan maganar cikin gida ce, ba ta bakin titi ba." Ya sa hannu aljihu ya ba su na mota.

Na so su ƙi karɓa. Wallahi na so. Amma da mi za su koma?

A mota Nasara ta ce ko ba komai yau an gan su. Na ce gani ba ya cika ciki.

Asabar, 26 ga Yuli

Gida ba daɗi. Masara ta kusa ƙarewa a rumbu, gonar daji kuwa bana ma ba mu taɓa ta ba, wa zai je? A can aka kashe Yahuza, mijin ɗiyata Shafa'atu, bara war haka, yana huɗa. Tun da ta fita takaba tana nan gabana da 'ya'ya biyu. Yarinya da takardarta ta sakandare, ta yi awara ta yi ƙosai, jarin ya tafi a maganin ƙaramin. Yau na same ta a bayan ɗaki tana kuka ba sauti. Na yi kamar kaji nake nema.

Malam Yusha'u ya ce siyasar nan tawa ban da yawo da ƙarar takalmi mi ta kawo gidan nan. Miji ne, na yi shiru. Amma ba shi da gaskiya. Ko yana da ita, ba yau ya kamata ya faɗa ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Alhaji Maharazu ya aiko mota. Ni da ake bari a ƙofa, yau har falo, har lemo.

Ya ce an kawo guraben waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi ritaya, an raba ma jam'iyya kamar yadda aka saba. Shugabanni sun ɗauka, matasa sun ɗauka. "Na Barau kuma na ce a bar ma uwar jam'iyya. Kin yi wahala, Hajiya. Kawo suna."

Na ce Kulu.

Ya yi murmushi. Ya ce tana da takardar firamare? Na ce tsintsiya karatu take nema? Ya ce ba shi ya kafa doka ba, daga sama ne, ba takarda ba aiki. Na ce yaron da kuka sa a gurbin mai gadin makaranta bara, yana birni yana karatu, ya taɓa ganin ƙofar makarantar? Ya ce amma yana da takarda.

Ka ji fa. Aikin da ba za ka yi ba shi ke buƙatar takarda, wanda za ka yi kuwa ba ya buƙatar albashi.

Ya ce in je in yi shawara zuwa Talata. In ban kawo mai takarda ba, akwai ɗan ƙanen wani babba a Sabuwa yana jira. Har na kai ƙofa ya ce, "Ina jin kina da ɗiya a gida, ko? Wadda aka yi ma rashi." Ban juyo ba. Ashe duk sun san cikin gidana, tsinannu.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na tuna Kulu ta yi ajin yaƙi da jahilci a hannuna, lokacin ina koyar da matan aure. Na zazzage akwati na samo shaidar da muka ba su, ita tata ta ɓace da gobarar ɗakinta, amma kwafin na wurina. Tana karanta sunan magani, tana rubuta sunanta. Na hau mashin na kai da kaina.

Sakataren Alhaji ya riƙe ta da yatsu biyu. Ya ce wannan ai ta ado ce, ba a san da ita ba. Takardar da aka tara mu aka yi biki aka ba su, manya suka zo suka yi jawabi a kanta suka ci kaji. Yau ba a san da ita ba.

Na ce mashi Allah ya isa. Ya ce amin, yana danna waya.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ban gaya ma kowa a gida ba, amma direban Alhaji ya gaya ma Malam a masallaci. Da gangan ne, na sani.

Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Kulu ba za ta samu ba ko kin ƙi ko kin so. In kin bari, ɗan Sabuwa ya ci, ita ko sisi. In Shafa'atu ce, ai kya iya raba masu." Na ce na yi alkawari gaban mutane. Ya ce alkawarin abin da ba naki ba.

Shafa'atu na tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai. Da ta kawo mani ruwan alwala sai ta ce, "Inna, duk yadda kika yi daidai ne." Gara ta roƙe ni, da na samu abin yi ma faɗa.

Wannan ita ce muguntarsu. Ba su hana ka, sai su miƙo maka abin wani su tsaya suna kallon hannunka.

Talata, 12 ga Agusta

Na ba da sunan Shafa'atu.

Riƙo ne kawai. Suna nata, albashi a raba biyu da Kulu, aiki su yi tare. Ya fi a ce ɗan Sabuwa. Kowa ya duba zai ga ya fi.

Juma'a, 29 ga Agusta

Takardar ɗaukar aiki ta fito. Malam ya yanka zakara.

Ban samu zuwa wajen Kulu ba tukuna. Hidima ta yi yawa, ga Mauludi na tafe. In za ni kasuwa ta bayan makaranta nake bi, hanyar asibiti duk taɓo ce.

Shafa'atu ta je asibitin ranar Laraba. Ta dawo kafin azahar tana amai, an kawo wanda ya sare ƙafa da gatari. Ta ce Kulu ce ta riƙe ta ta kai ta inuwa, ta ce ta je gida ta huta, ba kowa ke iya ganin jini ba. Ke nan ta sani. Wa ya gaya mata? Munafukan garin nan ba su bari mutum ya kai maganar shi da bakin shi.

Asabar, 6 ga Satumba

A wajen Mauludi wata ta ce, "Shugaba, an ce an samu ƙaruwa, Allah ya sa alheri." Da wata irin murya. Ita da mijinta ya sayar da takin da aka ba mazaɓa. Gwano ba ya jin warin jikin shi.

Na hango Kulu a layin baya. Ta ɗaga mani hannu. Na ɗaga mata.

Talata, 30 ga Satumba

Albashin farko ya shigo wayar Shafa'atu.

Niyyata rabi. Allah ya sani rabi na yi niyya. Amma ƙaramin ya kwanta da zazzaɓi har da ƙarin ruwa, babbar an koma makaranta ba takalmi, ga buhun masara da Malam ya ce a saya tun kafin ta ƙara tashi. Sannan sakataren Alhaji ya aiko wai al'ada ce, albashin farko ana kai ma jam'iyya goro. Goro. Ɓarayin banza, sun ba ka da dama sun karɓe da hagu, kuma dole ka yi godiya.

Abin da ya rage na ƙulle a leda na aika ma Kulu da tiyar masara. Ban je da kaina ba, ƙafata ke ciwo. Ta aiko da godiya mai yawa, wai Allah ya ƙara arziki. Wata mai zuwa za a gyara.

Shafa'atu ba ta koma ba tun ranar nan. Malamin asibitin ya ce ba komai, tunda aiki na tafiya.

Litinin, 13 ga Oktoba

An aiko cewa jibi Laraba masu tantance ma'aikata za su zo daga sama. Kowane ma'aikaci a same shi a bakin aikin shi, da rigar aiki, da kayan aiki a hannu, a ɗauki hoton shi. Wanda ba a gani ba an cire shi. Wai ana farautar ma'aikatan bogi. Su da suka haife su.

Malamin asibiti ya zo har gida. Ya ce Shafa'atu ta zo da wuri. Ya yi ta murza hula, sannan ya ce kuma kada a ga mutum biyu a gurbi ɗaya, za a yi tambaya. Ya ce shi ba zai iya gaya ma Kulu ba, ita ya tarar a asibitin, ita ta nuna mashi inda makulli yake. Ya ce, "Hajiya, ke take jin maganarki."

Na je da la'asar. Gidan nata katangar gabas ta zube da ruwan bana, an kare da karan dawa. Ta shimfiɗa mani tabarma, ta aika a sayo mani ruwan leda don kada in sha na randa. Na yi ta zagaye. Na zagi Alhaji, na zagi sakatare, na zagi jam'iyya tun daga sama har ƙasa, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Tana ta cewa haka ne, Hajiya.

Da na faɗa mata kada a gan ta a asibiti jibi, sai ta ce, "To in share da asuba in tafi kafin su zo? Kada su tarar da wurin da datti a ga laifin yarinyar."

Na ce hakan ya yi.

Ta shiga ɗaki ta fito da rigar aikin, shuɗiyar nan da ta gaji daga Baba Barau ta rage mata hannu. Ta ce a wanke take. Ta ce Shafa'atu ta naɗe hannun don ita Kulu ta fi ta tsawo.

Na karɓa. Mi zan yi, in bar ta a can?

Laraba, 15 ga Oktoba

An tantance. An ɗauki Shafa'atu hoto da tsintsiya a baranda. Shugaban masu tantancewar ya yaba da tsabtar wurin, ya ce a duk inda suka zaga ba su ga kamar shi ba, ya ce ta ci gaba da ƙoƙari.

Ta dawo ta cire rigar ta shige ɗaki. Ban tambaye ta komai ba.

Jiya da yau ban ci abin kirki ba. Maganin hawan jinin nan ne, ina jin.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ashe tantancewar nan ta tayar da ƙura a ko'ina. An ɓoye masu shara da masu gadi a Daudawa, an ɓoye a Kankara, Nasara ma a gonar wani ta wuni. Ita ce ta tara su, wai za su koma gidan Alhaji Maharazu, wannan karon ba za su karɓi na mota ba. Sun fi na wancan zuwan yawa.

Da hantsi na ji sallamarsu a zaure. Sun zo in shige masu gaba, wai ni ce bakinsu, ni Alhaji ke jin nauyi.

Ina da dalili. Zuwa ba shiri ba ya haifar da komai, na gwada na gani. Kuma in aka ga fuskata a can, gobe sunan yarinyar nan ya fita, ɗan Sabuwa ya shiga, Kulu ta rasa ɗan abin da ake aika mata. Wa aka taimaka? A cikin gida ake gyara irin wannan, a hankali. Zan yi ma Alhaji magana in mun haɗu.

Na ce ma Shafa'atu ta ce ba na nan. Ta tsaya tana dubana. Na ce ki je mana. Ta je.

Takalmana na bakin ƙofar ɗaki, daga zaure ana hango su. Na ji Nasara na cewa ai ga takalmanta can. Sai na ji muryar Kulu: "A bar ta ta huta, ta yi mamu ƙoƙari. Mu je kada rana ta yi."

Ban motsa ba sai da na daina jin tafiyarsu. Shafa'atu ta dawo ta ɗauki rigar Kulu daga kan igiya, ta ce a mayar mata ne ko a aje, tunda an ce za a dawo wata tantancewar bayan girbi.

Na ce ta aje.